Aulis Moilanen da Katin da Ya Ƙi Hucewa

A garinmu in ka ce Aulis, ba mai tambayarka wanne. Aulis Moilanen ne, dogon nan mai ɗan doro, wanda ya tsufa yana aikin wutar lantarki a masana'antar katako ta bakin kogi har ranar da aka rufe ta. Mutum ne da magana ke yi wa tsada. In ka gaishe shi ya gyaɗa kai. In ka tambaye shi abu ya yi shiru har ka ɗauka bai ji ba, can sai ya ba ka amsa a taƙaice. Matarsa Kaarina takan ce ranar da ya zo neman aurenta ita ce ta ƙarasa masa maganar, don ta ga in ta biye masa ƙanƙara za ta narke bai kai ƙarshe ba.

Da aka rufe masana'antar, wasu suka yi kudu neman aiki, wasu suka zauna gida jiran fansho. Shi ya riga ya haura hamsin. Ana nan sai wani kamfani ya sayi babban zauren da ake busar da katako, ya share shi, ya jera kabad-kabad na ƙarfe layi-layi, kowanne maƙare da manyan kwamfutocin nan marasa fuska da muke kira sabar. Sanyin garinmu ne ya kawo su. Aulis ya koma aji ya zauna da sa'o'in 'ya'yansa yana koyon aikin. A ajin na san shi sosai, don ni ma gidan wayar da nake aiki aka rufe. Tare aka ɗauke mu, tare muka yi shekaru muna yawo tsakanin layin sanyi, inda iska ke shiga kwamfutocin, da layin zafi, inda take fita, kunnuwanmu toshe saboda ƙarar fankoki.

Ya iya aikin, ba laifi. Ba shi da sauri, amma in ya rufe murfin sabar ba wanda ke komawa ya duba.

Kaarina tana da ƙane, autan gidansu, Teuvo Lukkari. Shi da Aulis kamar ruwa da wuta. Teuvo ya yi tuƙin babbar mota, ya yi dillancin baburan kan ƙanƙara, ya buɗe shagon gyaran waya ya rufe. Ya yi wasu shekaru yana shan giya har matarsa ta bar shi, daga baya ya daina da kansa, ko ɗigo. Bakinsa kuwa rediyo ne, ba ya mutuwa. Duk da haka tare suke farautar barewar daji a kaka, tare suke huda ƙanƙarar tafki su zauna kamun kifi, ɗaya na zuba, ɗaya na jinsa. Teuvo yana ce masa mijin yaya, shi kuma yana ce masa Auta.

Da aka nemi ƙarin ma'aikaci, Aulis da kansa ya je nema wa Teuvo aikin wurin shugabarmu, Outi Rasimus, wata 'yar birnin Oulu mai kirki da saurin yanke magana.

Ta ce, "Na ji labarinsa. Ka tsaya masa?"

Ya ce, "Na tsaya."

Aka ɗauki Teuvo a kan gwaji na wata shida, lokacin da za a iya sallamar mutum ba tare da dogon bayani ba. Hannunsa na da kyau a aiki, sai dai gaggawa. Kuma tun zuwansa teburin shan kofi ya zama wurin dariya.

Wata Juma'a a ƙarshen watan Mayu muna zaune ana cin burodi mai kirfa, Teuvo ya fara kwaikwayon yadda Aulis ke danna kwamfuta da yatsu biyu.

"Ku duba, haka yake yi. Kamar tsohuwar kaza ta samu hatsi. Tsat. Ya ɗago ya duba. Tsat. Mijin yaya, kafin ka gama rubuta sunanka sabar ta tsufa an canza ta."

Muka yi dariya, har Aulis ya ɗan murmusa. Ya ce, "Kazar ce ta kawo ka nan."

Da a nan aka tsaya da shi ke nan. Amma Teuvo in ya ji ana dariya ba ya sanin birki. Ya ce, "Kada wannan fuskar dutsen ta ruɗe ku fa. Ku tambaye shi ranar da aka rufe masana'anta, wa yaya ta tarar a sauna, ɗakin wankan tururi, shi kaɗai, ya cusa kai cikin tawul yana sharɓar kuka kamar an ƙwace masa nono?"

Dariyar ta mutu a take. A wurinmu ba a fito da irin wannan a gaban mutane. Aulis ya miƙe, ya wanke kofinsa, ya kife shi, ya fita. Teuvo ya bi shi da kallo, ya ce, "To, me na ce kuma?"

Ranar Talata da safe allonmu ya kawo jan gargaɗi. Wata sabar ce a layi na bakwai, katin sadarwarta, wato allon da wayoyi ke shiga don ta yi magana da duniya, ya haura digiri ɗari. 'Yan'uwansa na kusa duk suna wajen saba'in. In irin wannan katin ya kai iyakarsa yakan yanke kansa don kada ya ƙone, kuma ya riga ya yanke har sau biyu. Sabar ta wani kamfanin jigilar kaya ce, kafin mu gama kofin safe sun fara bugo waya.

Ni da Aulis aka tura. Farkon abin da ya ce shi ne, "Wataƙila ma'aunin ne ke ƙarya." Yakan faru. Muka tambayi sabar, muka tambayi katin da kansa ta wata hanya dabam, bakinsu ya zo ɗaya. Muka auna iskar layin sanyi, lafiya lau. Fankoki duk suna juyawa. Ba ƙura. Muka zaga baya, ya ga wayoyi sun yi cunkus a bakin mafitar iska, ya kwance su ya sake ɗaure su gefe. Ko gezau. Ya zare ɗan ƙarfen da wayar sadarwa mai aiki da haske ke shiga, ya sa sabo, don shi ma yakan yi zafi ya shafa wa kati. Nan ma shiru. Ya aike ni na ɗauko kyamarar ganin zafi, muka haska ta ramukan baya, sai ga wuri ɗaya ya yi fari fat kamar garwashi. Ma'aunin dai gaskiya yake faɗa.

Da rana masu sabar suka ba mu izinin kashe ta. Aulis ya jawo ta, ya ɗaga murfi. A ciki akwai wani makarin roba da ke karkatar da iskar fanka zuwa kan kati. Yana nan, amma a karkace, ƙafarsa ɗaya ba ta shiga raminta ba. Kowa ya san wanda ya buɗe sabar nan a makon da ya wuce, Teuvo ne, don da waƙa ya yi aikin.

Aulis ya daɗe yana kallon robar. Ya danna ta ta zauna, ya rufe, muka kunna. Zafin ya sauko, ya tsaya a casa'in da wani abu. Jan gargaɗin ya ɗauke.

Na ce, "Har yanzu fa ya fi 'yan'uwansa zafi sosai."

Ya ce, "Zai sauka."

Washegari a taron safe Outi ta shigo fuska ba walwala. Hedikwata na son a gaya musu dalili kafin azahar. Aulis ya yi bayanin makarin iskar. Teuvo bai jira an kira sunansa ba, ya ɗaga hannu.

"Ni na buɗe ta. In na bar shi a karkace laifina ne, a yi haƙuri. Gobe ni zan kawo burodin kofi."

Na sake cewa katin bai gama hucewa ba, Aulis ya sake cewa zai sauka. Outi ta gyaɗa kai, ta buɗe baki za ta wuce magana ta gaba. Sai muka ji muryar Aulis, idonsa a kan tebur.

"Ba yau ya fara ba. Haka yake tun asali. Ya fara abu, ya bar shi rabi."

Mutumin da ba ya magana, in ya yi, nauyi gare ta. Kuma shi ne ya tsaya masa. Outi ta dubi wannan, ta dubi wancan. Teuvo ya yi ɗan murmushi, irin na wanda aka mara a kasuwa.

Kafin mako ya ƙare aka sallami Teuvo, ya miƙa katin shiga, ya kwashe takalman aikinsa a leda. Ya bi mu ɗaya-ɗaya ya ba mu hannu. Da ya zo kaina ya ce, "Irja, ki riƙa ba su dariya, in ba haka ba za su daskare." Aulis yana can cikin zaure, bai fito ba.

Abin da ya faru a gida daga baya Kaarina ta ba ni labari. Ta ce ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye masa miyar kifi a gaba, ta zauna, ta ce, "Kai ka kai shi, kai ka fitar da shi."

Ya ce, "Aiki ne. An tambaye ni."

Ta ce, "An tambaye ka roba. Wa ya tambaye ka halinsa?"

Ya ci gaba da shan miyarsa. Ita ma ta san da hannunta a ciki, don ita ta taɓa gaya wa ƙanenta zancen saunar, amma ba ta ga yadda wannan ya kai a raba mutum da abincinsa ba.

Katin bai sauka ba. Da Yuni ta shigo rana ta ɗan yi ƙarfi, sai ya fara hawa a hankali har ya koma inda ya fito. Aulis ya buɗe, makarin iska na zaune daram. Bayan kwana kaɗan wani katin ya kawo ja a layi na uku, a sabar da Teuvo bai taɓa ko shafa ba. Sai wani kuma. Duk iri ɗaya ne, kuma a jigila ɗaya aka kawo su.

Aulis ya ciro na farkon ya kai shi teburin gyara. Ba a yarda mu kwance kati ba, sai dai a mayar wa masu shi, amma ya ɗauki sukundireba ya kwance ƙarfen da ke shanye zafi daga kansa. Tsakanin ƙarfen da zuciyar katin akwai wani ɗan faifai mai laushi da ke miƙa zafin. A kansa kuwa ga wata siririyar leda shuɗiya, wadda ya kamata a ɓare tun a masana'anta kafin a ɗaura. Ba a ɓare ba. Ta yi ƙauri, gefenta ya naɗe.

Ya ɗaga ta da ɗan hantsaki, ya nuna mini.

Abin da ya yi bayan nan ba wanda ya sa shi. Ya je wurin wata sabar gwaji mai lafiyayyen kati, ya karkata makarin iskarta daidai yadda muka tarar da wancan, ya rufe, ya jawo kujera ya zauna gaban allo. Tun hantsi har bayan abincin rana yana nan. Zafin ya ƙaru kaɗan, ya tsaya, ko kusa da gargaɗi bai je ba. Kuskuren Teuvo kuskure ne, amma ba shi ya dafa katin ba.

Ya ɗauki ledar ya shiga ofishin Outi. Ƙofa a buɗe take, ina ji.

"Na yi wa mutum ƙazafi," in ji shi.

Ta ce, "Ba ƙazafi ba ne, Aulis. Robar a karkace take."

"Ba robar ta kore shi ba. Bakina ne."

Outi ba ta yi musu ba. Ita ma abin ya dame ta. Ta yi ta fama da hedikwata, masu katin suka karɓi laifinsu suka aiko da sababbi, daga ƙarshe aka yarda Teuvo ya dawo in kaka ta shigo. Da ta buga masa waya, ya yi mata godiya sosai, ya tambayi lafiyar kowa, ya ce ya riga ya samu aiki a wata mahaƙar ma'adinai can arewa, yana tuƙa manyan motocin dutse, kuma wurin ya karɓe shi.

Wata ranar Asabar Aulis ya tashi da sassafe ya kama hanyar arewa. Shi ya ba ni labarin da bakinsa, muna cin abincin rana a mota, kuma ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin wannan ba. Ya ce sun haɗu a wurin shan kofi na wani gidan mai. Teuvo ya shigo da kayan aiki, ya ɗan rame, ya zauna.

"A'a, mijin yaya da kansa. Yaya ta kore ka ne?"

Aulis ya ciro ledar daga aljihu ya ajiye a tebur.

"Wannan fa? Ledar alewa ka kawo mini tsaraba?"

Ya yi masa bayani tun daga farko: faifan, ƙarfen, gwajin da ya yi, digirin da ya gani. Ya ce Teuvo ya saurare shi har ƙarshe bai katse shi ba, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Da ya gama sai Teuvo ya ce, "To madalla. Kati ya warke."

"Aikinka na nan."

"Na ji. Outi ta faɗa."

"Auta, na yi kuskure."

Teuvo ya juya cokali a kofi. Ya ce, "Ka san ni, an kore ni a wurare da yawa, wasu ma na cancanta. Korar ba ta dame ni ba. Ni ma na yi maka ba daidai ba ranar Juma'ar nan, na sani, bakina ya fi ni gudu. Da ka jawo ni waje ka zabga mini mari da mun wuce wurin. Amma ka ce haka nake tun asali. Shekara nawa muna zama kan ƙanƙara ni da kai? Ina ta zuba, kana shiru, ni a zatona jin daɗin hirar kake yi. Ashe abin da ke cikin shirun ke nan."

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Aulis ya ce mini a nan ne ya so ya gaya masa cewa ranar da Teuvo ya daina shan giya ba wanda ya kai shi murna, cewa duk lokacin sanyi ba abin da yake jira kamar zaman tafkin nan. Ya ce ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Ya zauna yana kallon motocin da ke shan mai. Teuvo ya jira, ya jira, can ya duba agogo.

"Zan koma aiki. Ka gaida yaya. Ka yi hankali da barewa a hanya, ba su san dokar titi ba."

Ya ba shi hannu kamar yadda ake ba baƙo.

Da Aulis ya kai nan a labarin sai ya naɗe takardar burodinsa, ya ce, "Irja, magana ɗaya na yi da bai kamata ba, ta fita ba wahala. Wadda ta kamata kuma ta ƙi."

A bikin tsakiyar bazara Teuvo bai zo gidan bakin tafki da dangi ke taruwa ba. Da kaka ta yi ya aiko wa ƙungiyar mafarauta cewa a ba wani gurbinsa. Ba gaba suke yi ba, a ce gaba ce da an san yadda za a sasanta. In an haɗu a suna ko jana'iza sukan gaisa, su yi zancen hanya da dusar ƙanƙara. Da surukar Aulis, mahaifiyar su Teuvo, ta rasu su biyun suna cikin masu ɗaukar akwatin, ɗaya a dama ɗaya a hagu, suka sauke ta tare, aka sha kofi, Teuvo ya shiga mota tun kafin a kwashe kwanuka. Sunan nan na mijin yaya bai sake fitowa daga bakinsa ba. Aulis yake ce masa, kamar kowa.

Kaarina ba ta bar mijinta ba, ba ta kuma fasa yi masa komai ba. Sai dai takan hau bas ita kaɗai ta je arewa ta yi kwana biyu. Shi ke kai ta tasha, ya sa mata jaka a ciki, da ƙunshin kifin da ya banɗa da hannunsa. In ta dawo yakan tambaye ta, "Ya ci?" Ta ce, "Ya ci." Iyakar labarin da yake samu ke nan.

A wurin aiki ya ƙara zama mai bin diddigi har abin ya so ya yi yawa. In an samu matsala aka tambaye shi dalili, sai ya ce bai sani ba tukuna, ko da kowa na ganin dalilin ƙuru-ƙuru. Outi takan ce, "Aulis, hedikwata na jira." Ya ce, "Su jira." Wa ya taɓa abu a ƙarshe kuwa, ko an tambaye shi ba ya faɗa. Ya yi 'yan shekaru a haka ya yi ritaya. Muka yi masa kek, aka ba shi sandar kamun kifi, ya ce ya gode, ya zauna.

Yanzu shi da Kaarina suna nan a gidansu na bayan coci. Gwiwa ta fara damunsa, ya daina farauta. A watan jiya na gamu da shi a kanti gaban firjin madara, ya tare ni da kansa, abin da ba halinsa ba.

Ya ce, "Teuvo ya bugo."

Na ce, "Kai haba! Wurin Kaarina?"

"Wurina. Wayata." Ya taɓa aljihun rigarsa. "Injin ɗumama gidansa ne ke ta kashe wuta. Ya ce masu gyaran can duk 'yan koyo ne. Na ce ya duba wayar wutar da ke shiga ƙasa, ya duba, ita ce."

"Sai me ya ce?"

"Ya ce ya gode."

"Shi ke nan?"

Ya ɗauki kwalin madara ya sa a kwando. "Ya ce wai har yanzu ina magana kamar ana cire mini haƙori." Na ga gefen bakinsa ya motsa. "Na gaya masa injin nan tsoho ne, zai sake yi. Na ce in ya sake, ya kira."

Ya tura kwandonsa ya nufi wurin biya, yana ɗan ɗingishi.